Allo Goma, Kunne Biyu

Baƙuwar da ta kwana a Sabon Gida cikin ɗari, ta fito bayan asuba tana neman inda ake tuyar ƙosai, za ta wuce ta ƙofar wani gida ta ji abin da za ta ɗauka rigima ce ta ɓarke tsakanin yara. Murya goma ko sha biyu, kowace na bin hanyarta. Wata siririya tana ta nanata harafi uku, wata mai kauri da balaga ta fara fasawa tana jan doguwar aya kamar mai jan guga, wata kuma ta tsaya cak mai ita na jan majina. In ta yi sallama ta shiga, za ta tarar da tabarmi biyu ko uku a shimfiɗe inda hantsi ke fara sauka, yara sun duƙunƙune cikin zannuwa, kowa da allonsa a cinya. A gefe ga wata dattijuwa ta miƙe ƙafa tana saƙar kaba. Idonta na kan saƙar, babu littafi a hannunta. Can sai ta ɗaga murya ta kira sunan yaro guda, ta maimaita masa kalmar da ya ɓata wa wasali, ta koma kan kabarta. Yaron yana can ƙarshen tabarma, ƙeya ma ya ba ta.

Duk wanda ya sauke Alƙur'ani zai iya gyara wa yaro guda karatu in sun zauna gwiwa da gwiwa. Amma a tsinto kuskure ɗaya daga cikin surori goma da ake rerawa lokaci guda, a san bakin da ya fito, hannu kuma bai bar saƙa ba, wannan sai wadda ta shekara ashirin tana yi.

Sana'ar ba ta da suna a takardar gwamnati. Ba wanda ya ɗauki matar aiki, ba sufeton da ke zuwa duba ta. Yaran gida na ce mata Inna ko Gwaggo ko Iya, gwargwadon yadda jini ya haɗa su, 'ya'yan maƙwabta kuma su ce Malama. Takwaranta namiji, malamin zaure, shi aka fi sani, shi ake kai wa ziyara da goro. Sai dai a wannan yanki na jihar Tawa, daga Madawa zuwa Buza da Keita, akwai dalilin da ke sa karatun ƙananan yara yawan faɗawa hannun mata. Da an kai gero rumbu, maza da dama sai su ɗaure jaka su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu Libiya, wasu arewa wajen haƙar zinariya. Waɗanda suka zauna a Sabon Gida kuwa fadamar Tarka ce ke cinye yininsu, don albasa ba ta san hutu ba tun daga yafi da dashe da ban ruwa har a cire ta a kai rudu, wato ma'ajiyarta. Wanda ya san aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984 ya san mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka, saboda mazan ba sa gari. Gidan da rani ya bar wa mata, har da karatun yaransa ya bar musu.

Yaran kuma ba kaɗan ba ne. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 7.6 in aka daidaita, adadin da ba ƙasar da ta kai a lokacin. Ɗora wannan a gida mai mata biyu ko uku, ka ƙara jikoki da 'yan riƙo da agola, sai tabarma guda ta ɗauki mai shekara huɗu da mai sha biyar da duk waɗanda ke tsakaninsu.

Mushe, wato malamin lakwal ko makarantar boko, in aka miƙa masa wannan taron, rabo zai fara yi. 'Yan shekara shida da bakwai su shiga CI, ajin farko, manya su haura har CM2, ajin ƙarshe, kowane rukuni da ɗakinsa da baƙin allonsa guda a bango, kowa a layi ɗaya rana ɗaya. Mai kaifin kai ya jira, mai nauyin kai ya bi a guje ko a bar shi a hanya. Malama ba ta san wannan damuwar ba, domin kowane yaro ajinsa na kan cinyarsa. Allon nan da aka sassaƙa da icen aduwa, aka goge, aka shafa masa farar ƙasa, shi ne littafin yaron, shi ne jarrabawarsa, shi ne kuma shaidar inda ya kai. Ba a wanke shi sai an iya abin da ke kansa, ko kwana ɗaya aka yi ko wata guda. Ba mai faɗuwa a ƙarshen shekara, tunda babu ƙarshen shekarar.

Sauran kayan aikin a gida ake yin su. Tawada gawayi ne ko baƙin gindin tukunya, a niƙa, a haɗa da ƙaro, a zuba a kurtu. Da gangan ake yin ta mai wankuwa. Ta bagaruwa mai kama jiki, wannan ta takarda ce. Alƙalami karan gamba ne ko na dawa, a fiƙe, a ɗan tsaga bakin. Wanda za a yi wa ƙaramin yaro rubutu da shi akan bar masa baki da faɗi don harafin ya fito ɓaro-ɓaro, na manya kuma a sirance shi don sumuni guda ya shiga fuskar allo. Sai tsinken nuni. Sai bulala, wadda za mu dawo kanta.

Yaro da babbaƙu yake farawa, haruffa tsirara ba wasali, da sunayen da ba Balaraben da zai gane su: ambaki, mim jaye, ha kuri, lam ara. Sunaye ne da ke zana wa yaro siffar harafin, wannan mai buɗaɗɗen baki, wancan mai jan wutsiya. Daga nan ya shiga farfaru, a sa wa haruffan wasali, sannan ya fara haɗa baƙi ya ja karatu. Hanyar kuma guda ce ga kowa. Bayan Fatiha sai a tsallaka ƙarshen littafi, a kama Nasi, Falaƙi, Ƙulhuwa, a riƙa hawa sama daga gajerun surori zuwa dogaye. Wanda ya kai Sabbi ya yi izu guda, Amma izu biyu, Tabara huɗu, Ƙad sami'a shida, haka har izu sittin su cika a Baƙara, wadda ita kaɗai ta kusa izu biyar. Tsani ɗaya ne kowa ke hawa, kuma asirin sana'ar a nan yake kwance: duk matakin da ƙane ke tsaye a kai, yayansa ya taɓa taka shi, ya san inda yake da santsi. Malama ba sai ta tsara wa kowane yaro manhaja ba. Abin da take tsarawa shi ne lokaci, da wurin zama, da wa zai riƙe wa.

Gwanayen cikin malaman da ƙanana suke farawa, tun yunwa ba ta taso ba, tun rana ba ta kori inuwa ba. Haƙurin ɗan shekara huɗu bai fi tafasar ruwan koko ba, don haka darasinsa harafi biyu ne ko uku, a biya masa, ya nanata, a sallame shi kafin ya fara tsokanar na kusa. A wannan lokacin manya na tilawa, suna bin tsohon karatu, aikin da ba ya bukatar komai daga gare ta sai kunne. Sannan 'yan tsakiya su riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, a durƙusa a ce, “Malama, na iya.” Ya karanto. In ya fita tsaf, sai ta ce ya je ya wanke. In ya yi tuntuɓe sau biyu a wuri ɗaya, ba dogon bayani, “koma” kawai zai ji. Allon da aka wanke a jingine shi a rana ya bushe, a yi sabon rubutu, a biya wa mai shi sau biyu ko uku yana bi da tsinke. Rubutun nan ba ita ke yin yawancinsa ba. Babban cikin yaran ne, ko babbar, ke duƙawa a kan allo biyar ko shida kowace safiya. Su manyan sai can ƙarshe ake yi musu ƙari, in tsakar gida ta yi tsit, ko kuma da dare bayan lisha.

Zaman ma da lissafi. Ba ta haɗa yara biyu masu surori maƙwabta kafaɗa da kafaɗa, don ayoyi masu kama da juna za su sarƙe, wannan ya faɗa surar wancan bai sani ba. Wa da ƙanen da ke bin juna a haihuwa, waɗanda faɗansu ba ya ƙarewa, akan sa mutum biyu a tsakaninsu. Mai ƙiriniya wurinsa daf da ƙafarta. Yarinyar da ke goye da ƙaninta kuma a bakin tabarma take, don in ya tsala kuka ta tashi ba tare da ta tsallake allon kowa ba.

Akwai ɗalibin da ba wanda ya sa shi makaranta, ɗan shekara uku da ke rarrafe tsakanin ƙafafu yana lasar bakin kurtu. Shekara guda yana jin Nasi da Falaƙi daga baki biyar, sai wata rana a ji shi yana rera su a bayan ɗaki yana wasan ƙasa. Uwarsa ta yi guɗa, a ce yaro malami zai zama. Malama dai ta san aiki ne ya ƙaru. Ran da aka ba shi allo, bakinsa zai riga idonsa, ya karanta sura daga farko har ƙarshe tsinkensa na kan layin da ba shi ba ne. Karatun aku ke nan, kuma ya fi yawa ga auta da na kusa da auta, waɗanda suka tashi cikin amon karatun yayyensu. Maganinsa shi ne ta ɗora yatsa a tsakiyar allo ta ce ya tashi daga nan, ko ta nuna harafi guda ta tambayi sunansa. Nan ake gane wanda ya san baƙi da wanda kunnensa ne kawai ya ƙoshi. Ɗan fari kuwa akasin haka yake fama: shi ya share hanya ba tare da ya taɓa jin kowa ya bi ta ba, shi ya sa sau da yawa yakan fi jinkiri a farko, ya kuma fi ƙannensa sanin harafi.

Dogaro da yaya ba dabarar talauci ba ce da aka ƙago jiya. Ƙasar nan ta san shi a gidan da ya fi kowane gida suna wajen karatu. Marata, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana nan kusa da Galmi, kuma kabarin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a ƙasar Madawa yake. Shehu a hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, sannan ya bi baffanni da kawunnai ya ɗauki wasu fannoni. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya ba wa kimanin shekara goma sha biyu, ya faɗa da alƙalaminsa a littafin da ya jero malamansa, Ida'un Nusukhi, cewa yana da shekara 13 mahaifinsu ya damƙa shi ga wansa, kuma a gabansa ya karanta Ishiriniya da nahawu da tauhidi da littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Abdullahin Gwandu ke nan, mai tafsirin Liya'ut Tawili, ɗalibin yayansa. A Nurul Albabi kuma Shehu ya yi wa malaman zamaninsa kaca-kaca kan yadda suke karantar da ɗaliban waje safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel a 1793 ta rasu a 1864, ta fitar da abin daga gida ta kai shi ƙauyuka. Jajinta dattawan mata ne da take naɗa wa malfa, su zo mata da ayari na tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa na gida. Su ake kira 'Yan Taru. 'Yan Taru ba su taɓa sanin aji na sa'o'in juna ba. Kaka da jika ne a tabarma guda.

Turawa ma sun taɓa ganin wannan dabarar suka yi mata rawa. Wani limamin coci ɗan Sikotlan, Andrew Bell, ya ga yara a Madras ta Indiya suna koyon rubutu a kan yashi, ya ɗauki salon ya sa manyan yara koya wa ƙanana a makarantar marayun da yake riƙe da ita, ya buga bayaninsa a 1797. Shekara guda bayan haka Joseph Lancaster ya buɗe irinta a Landan, yana alfaharin malami ɗaya zai riƙe yara dubu. Abin ya shiga Faransa a 1815, ya yi tashe, daga baya aka watsar da shi aka rungumi aji mai allo guda da darasi guda. Wannan na biyun ne Faransawa suka kawo mana cikin jaka, suka tarar da wancan da suka yar yana nan a zaurukanmu.

To amma kada daɗin tarihi ya rufe mana ido. Akwai wanda ke biyan kuɗin wannan tsari, kuma yawanci yarinya ce. Ni a hannun yayata na yi babbaƙu. Ta ba ni shekara shida, kuma na tuna ranin da allonta ya kafe a Tabara, ba don kanta ya toshe ba, sai don kafin ta gama rubuta namu mu biyar ta biya wa kowa, an kira ta daka. In an zo ƙarin manya da dare, gyangyaɗi take yi. A lokacin ban ga komai a ciki ba sai zafin ranƙwashinta. Gaskiya ne wanda ya koyar ya ƙara iyawa, izu biyun ƙasa sun zauna mata daram har tsufa, ba ta taɓa tuntuɓe a cikinsu ba. Amma gaba ake so ta yi, kuma gaban ne aka ci mata. Malamar da ta san aikinta takan raba nauyin: wannan ya riƙe yaro guda, waccan biyu, ba a tara wa mutum ɗaya, kuma ƙarin babba a yi shi da safe wata rana ko da ƙanana za su jira. Wadda ba ta sani ba sai ta mai da babbar 'ya baiwar makaranta, ta yi ta yabon hankalinta har ran da za a ɗaura mata aure da izu goma.

Bulala ma a hannun yaya ta fi ciwo. Ana cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci, iyaye da yawa kuma da wannan suke rarrashin kansu. Ko an yarda da haka, ba a ce bulalar ɗan shekara goma sha uku ba, wanda jiya ƙanen ya kai ƙararsa wajen Baba kan ya bar awaki sun shiga fadama. Dattijuwar da ta ga jiya ta ga yau ba ta ba yaro izinin dukan yaro. Ya biya, ya gyara, in abin ya gagara ya kawo mata.

Wurin da sana'ar ta fi bukatar hikima shi ne ran da ƙane ya kamo wa. A lakwal ana iya ɓoye wannan a cikin takardar sakamako, a ninke a sa a aljihu. A nan ba maɓoya, duk gidan ya san Amma na gaban Sabbi, kuma kowa na jin surar da kowa ke ja. Yarinya 'yar shekara takwas ta wanke allo kullum, wanta mai sha ɗaya ya kwana bakwai a wuri ɗaya, yau saura sura biyu ta taka shi. In uwarsu ɗaya, abin ya tsaya a kuka da ƙin cin tuwo. In 'yan uba ne kuwa, magana ta bar tabarma ta shiga ɗakuna, har a fara cewa ai an sha wa yaro kai, ko Malama ta fi karkata ga ɗakin wance. Sai ka ji tsakar gida ta cika da habaici a bakin turmi. Dabarun da ake yi ba su da yawa, kuma kowace da aibinta. Wata takan rage wa mai saurin tsawon darasi, ko ta tsayar da ita ta ce sai ta yi tilawar baya duka, wanda zalunci ne ƙarami da aka yi wa ado. Wata takan ba wan wani girma na daban, shi ne mai haɗa tawada, shi ne mai fiƙe alƙaluma, shi ne mai kiran yara, don ya sami abin riƙe kai. Wadda ta fi burge ni ita ce mai tura shi zauren wani malami a wata unguwa kafin ranar ta zo, ta ce ai ya girma da zama cikin mata. Ya tafi da mutuncinsa, ƙanwar kuma ta wuce abinta.

Alkunya ma na da nata hukuncin. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane, yaya za ta zaunar da shi ta biya masa karatu? Shi ya sa ko malamar da ta koyar da rabin unguwa takan aika nata ɗan farin wajen gwaggonsa ko kakarsa. A ɗaya gefen kuma, 'ya'yan kishiya amana ce mai kaifi biyu: ta tsananta a ce ƙiyayya, ta sassauta a ce so take su tashi jahilai.

A 'yan shekarun nan tabarmar ta ƙara cika da abin da kakanninmu ba su sani ba. Malama da riwayar Warshu ta tashi, da rubutun nan namu mai kauri irin na Magariba, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Jikanta da ke zuwa islamiyya ko madarasa, irin waɗanda suka yaɗu tun bayan ta farko da aka buɗe a Sayi a 1957, da Hafsu yake karatu cikin bugun Madina, inda mai ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf sai da biyu. Harafi ɗaya, wa ya ce ƙaf, ƙane ya ce fa, kuma kowa da gaskiyarsa. Na ukunsu ya dawo daga lakwal da littafin da ake farawa daga hagu, cikin Faransancin da ba mai jin sa a gidan sai yayarsa 'yar CM1. Da dare, a hasken tocila ko 'yar fitilar sola, ita ce ke mayar masa da Hausa abin da mushe ya faɗa da rana. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yaran CM1 sun daɗe suna wannan tafinta ba wanda ya ayyana su.

Shi kansa mushen ƙauye sau da yawa a halin Malama yake. A ƙananan garuruwan duwatsun Buza da Keita ba abin mamaki ba ne a ga malami ɗaya da aji biyu ko uku a ɗaki guda ko a rumfar zana. Bambancin shi ne an horar da shi ya yi wa kowa magana ɗaya, ga manhaja na bin sa da wa'adi, don haka in ya juya ga 'yan CE sai 'yan CI su zauna hannu rabbana. Da zai sauke girman kai ya zauna safiya biyu a bakin tabarmar matar nan da ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, da ya koma da abin amfani: kowane yaro ya kasance da aikin hannunsa wanda ya san inda ya tsaya, kuma na gaba ya riƙe na baya. Lokacin da korona ta sa aka rufe makarantun Nijar daga Maris zuwa farkon Yuni na 2020, gidajen da ke da irin wannan zama ba su rasa abin yi da yaransu ba. A Amurka, inda yara sama da miliyan guda ke karatu a gida tun kafin annobar, iyaye na sayen littattafai kan yadda za a haɗa ɗan shekara biyar da ɗan sha biyu a teburi ɗaya. A Faransa tun 2022 sai da izinin hukuma ake yi, a Jamus kuwa haramun ne a doka. A Sabon Gida ba wanda ya taɓa tunanin abu ne da ake neman wa izini.

Malama ita ma akwai abin da za ta koya. Tsarin allo gwani ne wajen kai kowa gwargwadon ƙafarsa, amma yakan bar ma'ana sai can gaba, in an sauke an shiga Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya, kuma yawancin 'yan mata ba sa kaiwa nan. Yaro ya shekara shida yana furta abin da bai san fassararsa ba. Lissafi kuwa babu shi sam, a garin da dillalin albasa ke ƙirga buhu da jikkoki a cikin waya yana faɗa wa manomi abin da ya ga dama. Malaman da na fi girmamawa su ne masu tsayar da karatu daren Laraba su ba da labarin surar da wani ya kai, da Hausa, kowa na ji. Nan ne kaɗai dukan tabarmar ke zama aji guda, ƙanana su tafi da labarin giwaye da tsuntsaye, manya su tafi da tambaya.

Abin da Malama take samu bai taka kara ya karya ba. Kuɗin Laraba dala biyar ne ko goma, in an kawo. 'Ya'yan gida kuwa ba mai biya musu, wa zai biya gwaggo? Da kaka a aiko da damin gero ko tiya biyu, da rani a ɗebo mata albasar da ba ta kai ta buhu ba. Wanda ya kai Sabbi ko Amma a yi sadakar gumba ko waina, ran sauka kuma a yi mata turmin zane in gidan da hali. Ɗan biɗa in ya dawo daga Abijan ya tuna da ita da sabulu. Tabarmar da take saƙawa, wadda ƙasar Madawa ta yi suna da ita, ta fi karatun kawo kuɗi. Ga kuma yaran ba kullum suke cika ba. Lokacin dashe fadama na kwashe manyan yara maza, damina ta kwashe kusan kowa, talla ta ɗauki 'yan mata da hantsi. Sai dai allo ba ya gudu. Wanda ya yi wata biyu a gona ya dawo ya ciro nasa daga bayan randa, ya tarar da darasinsa inda ya bar shi, ya ɗan dushe kawai.

Yammacin Laraba ake tashi, sai kuma Asabar. Masu wanki su taru a kan ƙwarya guda, don ruwan allo ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Wasu su kurɓa, saura a kai gindin bango. Alluna su jeru a jikin katanga daga mai tsawon kamu zuwa wanda bai fi tafin hannu biyu ba. A cikinsu akwai wani babba, gefensa ya sha hannu har yana ƙyalli, na yarinyar da aka kai ɗakinta bayan sallar layya. Ba a bar shi ya zauna haka ba. An ba wani ɗan shekara huɗu da ko ɗaga shi ba ya yi sai ya haɗa da ƙirji, an rubuta masa harafi uku manya-manya a sama, a ƙarƙashinsu kuma in ka karkata allon ga rana za ka ga inuwar layukan mai shi ta da, waɗanda wanki bai gama cirewa ba. Yaron ya zauna ya riƙe shi kai a ƙasa. Wata 'yar shekara tara, wadda watanni kaɗan da suka wuce ita ake yi wa rubutu, ta miƙo hannu ta juya masa shi daidai, ta kama yatsansa ta ɗora a harafin farko.